Ranar da Baba Ya Juya Goshin Motata

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka na girma ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Ba sunan kaɗai ba, magana ma ba ya yi mini kai tsaye. In yana son in miƙo masa buta, sai ya dubi bango ya ce, "Wai babu mai miƙo buta a gidan nan?" In na yi laifi, ƙanena ake kira a yi wa faɗa a gabana, ni kuma in tsinci rabona a ciki. In ya zama dole a ambace ni, to ni ne "wancan". Haka muka kai shekara arba'in da ɗoriya, kuma ban taɓa ɗaukar abin ƙiyayya ba, kunyar ɗan fari ce kamar yadda ya gada. Sai dai in za a faɗi gaskiya, akwai ranakun da na so ya dube ni ko da zagi ne, in dai da ni yake.

Baba ɗan fito ne a Yauri. Ya ci ƙuruciyarsa da tsufansa a kan Kwara, yana haye da mutane da buhunan albasa, wani lokaci har da shanu. Ni kuma karatu ya ja ni, na zama injiniyan na'urorin sanyaya gine-gine, na ƙare a Dubai, a wani gidan haya hawa na sha huɗu a Al Nahda. Matata ɗiyar ƙanwar Baba ce, auren zumunci, don haka ita Kawu take ce masa, kuma tun tana ƙarama take wasa da gemunsa. Da muka yi aure sai ta zama wayar da ke tsakanina da mahaifina. Duk abin da zai gaya mini, ta bakinta yake biyowa.

A shekarar da nake ba da labari, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba, ya taɓa masa hannun hagu da ƙafa. Da ya ɗan farfaɗo muka kawo shi wurinmu a yi masa gashin ƙashi a asibiti. Likita ta ce wata uku, ba fashi, in ana son ƙafar ta dawo ta ɗauke shi. Baba ya yi sati biyar ya ce ya ƙoshi. Kullum da safe sai ya naɗe tufafinsa da hannu ɗaya, ya cusa a jaka, ya ja ta da ƙafa ya ajiye bakin ƙofa. Matata ta mayar, washegari ya sake fitowa da ita.

"Ɗiyata," ya ce mata wata safiya, ina zaune ina shan shayi taku biyu daga inda yake, "ki gaya wa wancan ya nema mini tikiti. Ni ba na jin ƙasa a ƙafata a garin ga. An rataye ni sama kamar kilishi, a ɗauke ni a kai, a ɗauke ni a maido. Kaya na zama."

Na san idan ya koma gida gashin ya ƙare ke nan. Zai zauna a tabarma a ƙofar gida, ƙafar ta sandare, kuma ba mai iya tilasta shi. Ni kuwa ina da zuciya, ba na jin daɗin a ƙi abin da na tsara. Na tashi na bar shayin, na je wurin aiki na huce a kan wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba.

A hanyar dawowa ne motar ta faɗo mini a rai. Ina da wata tsohuwar motar kwana da na saya a hannun wasu mutane da za su bar ƙasar, irin mai gado da murhu da banɗaki da tankin ruwa duk a cikinta. Matata kejin kaji take ce mata. Ta fi zama a garejin wani bakanike a Ras Al Khor fiye da kan titi. Bakaniken ɗan zango ne daga Kumasi, kuma ranar da na je ɗaukarta ya jefa mini wasu gajerun katakai masu kauri a cikin akwatin kaya, ya nuna mini ƙafafun ƙarfe huɗu da ake saukewa a kusurwoyin motar.

"Masa," ya ce, wato maigida, "ƙafan nan ba na ɗaga mota ba ne, na hana rawa ne. Ka daidaita da taya tukun, ka sa katako a ƙasa, sannan ka sauke shi shwaiya shwaiya, a hankali. Khalas, shi ke nan."

Na ce masa na ji. Mai digiri biyu a injiniyanci ai ba ya tsayawa sauraron karatun ƙafar mota.

Ranar Asabar muka fita bayan azahar, lokacin sanyi ne, rana ba ta da zafi. Muka bar dogayen gine-gine a baya, muka nufi tafkunan nan na cikin rairayi a bayan gari. Na ce wa raina in Baba ya ga ruwa ya taka ƙasa, wataƙila jakar nan ta kwana biyu ba ta zo bakin ƙofa ba. Sai da ruwan ya bayyana Baba ya ɗan miƙe wuya, ya duba, ya ce wa matata, "Wanga ne kogin nasu? Ai tabkin wankin doki ne." Amma na gan shi ta madubi, bai ɗauke ido daga kan ruwan ba.

Wurin tsayar da motar na yi ƙwazo na gaske. A cikinta akwai dogon benci a jikin bango, yana kallon ƙofa. Tun da ciwon ya same shi Baba a zaune yake salla, kuma juya jiki yana ba shi wuya. Sai na ɗauko waya na nemo alƙibla, wadda a nan wajen yamma take, abin da har ya bar ƙasar bai daina yi masa banbaraƙwai ba. Na yi ta gaba da baya har sai da ƙofar motar ta kalli alƙibla daidai, yadda in ya zauna a bencin ba sai ya motsa ko kafaɗa ba. Kuma aka yi dace tafkin ma ta nan yake. Na buɗe rumfar da ke jikin motar, ta yi inuwa a gaban ƙofa, na shimfiɗa darduma. Ƙasar wurin ta ɗan gangara wajen ruwa, motar ta karkata, sai na sauke ƙafafun ƙarfen na wannan ɓangare a kan rairayi tsirara, na yi ta murɗawa har suka ɗago ta. Katakan bakanike suna akwati suna barci. Na dubi aikina na ji daɗi, na so ƙwarai wani ya ce sannu.

Baba yana zaune a kujerar naɗewa, sandarsa a kan cinya. Ya daɗe yana kallon sama ta arewa maso yamma. Ya tsinci ɗan rairayi ya sake shi, ya bi shi da ido.

"Ɗiyata, wa ya ce a tsaida ta haka?"

"Saboda kai ne, Kawu. Don ka yi salla ba wahala."

Ya ce, "Uhm." Ya san an yi ba daidai ba, ya kuma san don shi aka yi, ga shi ba zai kushe ɗan fari a gaban matarsa ba. Ni kuma na ji "uhm" ɗin sarai, na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da hura gawayi.

Wajen la'asar iskar ta iso, wadda Larabawa ke kira shamal. Da farko daɗi ta yi, ta kaɗa ruwan tafkin, ta kore hayaƙin gawayi. Kafin matata ta gama yanka albasa ta zama wani abu dabam. Rumfar ta fara bugawa fat fat, tana kumbura tana saki, kuma duk kumburar da ta yi sai ta ja motar gaba ɗaya. Muka kwashe kaya muka shige ciki, na taimaka wa Baba ya hau matakala ya zauna a bencinsa. Nan fa muka gane inda muke. Iskar tana dukan motar a haƙarƙari, ita kuwa doguwa ce mai faɗi, bango ne kawai aka sa wa taya. Kowane bugu sai ta yi lilo, kofuna su yi ƙara a cikin kabad. Ƙafafun ƙarfen da na dogara da su suka fara nutsewa a rairayi, ɗaya ta riga ɗaya, sai motar ta kwanta wajen ƙofa. Butar shayi ta zame daga kan murhu, matata ta cafke ta da zani.

Baba ya yunƙura zai gyara zama, motar ta yi wani lilo, ya tafi luu ta ɓangaren da ba shi da ƙarfi. Na riƙo shi. Ban taɓa riƙe mahaifina haka ba, kuma na ji yadda ya rage nauyi. Tsoro ya kama ni, kunya ta biyo baya. Na kawo tsoho mai jinya jeji don in burge shi, ga shi zan kayar da shi a cikin kejin kaji.

"Yalla, mu tattara mu koma gida," na ce wa matata, murya a sama. "Khalas, an fasa."

Baba ya zare hannunsa daga nawa a hankali. Ya dubi matata.

"Ɗiyata, ki ce a fara naɗe tabarmar can ta sama. Ita ce filafilan. Jirgin da ya bar zane a buɗe cikin iska, shi ya kira kifewa."

Na fita na naɗe rumfar, iska tana watsa mini rairayi a haƙora. Da na dawo lilon ya ragu da kusan rabi. Baba ya sake duban matata.

"Akwai ruwa cikin cikinta?"

Na amsa wa matata, ita ta amsa masa, duk da cewa mu ukun gwiwoyinmu na kusan taɓa juna. Tankin rabi ne, don na ƙi cika shi saboda kada motar ta yi nauyi a hanya. Amma akwai jarkoki huɗu na ruwan sha da na ɗora a kan gadon sama, can bisa kan direba.

"A sauko da su ƙasa, a jera tsakiya, kan tayoyin baya. Kaya sama, jirgi ƙasa. Jirgi marar kaya a ciki shi iska ke wasa da shi."

Na sauko da su. Na rufe tagar rufi da ke ta karkarwa. Sannan ya ce a ɗage ƙafafun ƙarfen duka, a juya motar a ba iska goshi. Nan na kasa haƙuri.

"Ki gaya masa in na juya ta, bencin zai ba alƙibla baya. Yaya zai yi salla?"

Baba ya dubi rufin motar, kamar da shi yake magana.

"Shekara nawa ina salla kan ruwa. A jirgi mutum ka juyawa, ba a juya jirgi."

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni hawa sha huɗu na hau, abin bai canza ba. Na murɗe ƙafafun suka koma mazauninsu, na tayar da mota, na zagayo da ita a hankali kan ƙasa mai ɗan tauri har gilashin gaba ya fuskanci inda iskar ke fitowa. Abin mamaki, sai ka ce an rufe ƙofa. Iskar tana nan da ƙarfinta, ana jin kukanta tana wucewa ta gefe da gefe, amma dukan ya daina. Sauran karkata, don har yanzu ɓangaren dama ya fi ƙasa.

Na zaro waya zan buɗe ma'aunin daidaito. Baba ya ce wa matata ta ba shi kwanon sha. Wani farin kwano ne na ƙarfe mai fenti da ya zo da shi daga gida, mai shuɗin zobe a ciki kusa da baki, ba ya shan ruwa a komai sai shi. Ya sa ta zuba ruwa har ya taɓa zoben, ta ajiye a ƙasa tsakiyar motar. Ruwan ya haura zoben ta dama, ya bar shi ta hagu. Ko makaho ya shafa ya san inda aka karkata.

"Ki zauna nan ki tsare shi. In ruwa ya kwanta kan zobe ko'ina, ki yi magana."

Daga nan ya ɗauki sandarsa ya nufi ƙofa. Na ce mata ta hana shi. Ta ce in ni na isa in hana shi. Ya sauka matakalar nan da kansa, yana jan ƙafar hagu, ya dafa jikin motar ya tsaya a gefen da take kare masa iska. Na fito da katakan bakanike, ya nuna da sanda inda zan sa su, biyu a gaban tayar gaba ta dama, biyu a gaban ta baya, ɗaya kan ɗaya kamar matakala. Na koma kan sitiyari na sauke gilashi.

To ga inda aka tsaya. Matata tana can ciki a durƙushe kan kwano, ba ta ganin taya. Ni ina kan sitiyari, ba na ganin katako. Baba ne kaɗai ke ganinsu. Na ji ya ɗaga murya, "Ɗiyata, ki ce ya taho!" Iska ta kwashe maganar, ba ta ji ba. Ya sake, ba ta ji ba. Ni na ji, amma na tsaya, don ban san ko taku nawa ake so ba, kuma ƙafarsa tana kusa da tayar. Injin yana ta aiki. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Sai na ji sanda ta ƙwanƙwasa ƙofar motar. Na waiwaya. Baba ya matso daidai tagar, hularsa ta karkace, gemunsa duk rairayi, yana kallona cikin ido.

"Kai. Taho."

Na saki birki kaɗan.

"Taho. Sannu. Kada ka taka mai, bar ta ta hau da kanta. Ƙara. Ƙara kaɗan. Tsaya!"

Daga ciki matata ta ce saura ƙiris ta baya.

"Ka ji. Ɗan taɓa. Tsaya nan. Ja birkin hannu."

Ta yi guɗa, wai ruwa ya kwanta kan zobe. Ni kuwa na zauna riƙe da sitiyari na kasa sauka. Duk maganar ba ta wuce ta direba da yaron mota ba, amma da ni aka yi ta, ba da bango ba, ba da ƙanena ba. Daɗi ya cika ni har ya so ya zama kuka, na tsaya ina goge ido ina ɗora wa rairayi laifi.

Aikin bai ƙare ba, kuma Baba bai koma bayan labule ba sai da ya ƙare. Ya sa na toshe tayoyin gaba da baya da duwatsu. Ya sa na shimfiɗa sauran katakan a ƙarƙashin ƙafafun ƙarfen kafin in sauke su. Da na fara murɗawa da ƙarfi irin na ɗazu, ya taɓa mini hannu da sanda.

"Ya isa. Su taɓa ƙasa su dafa, ba su ɗauka ba. Taya ke ɗaukar kaya."

Abin da ɗan zango ya gaya mini ke nan tun a gareji, sai da na ji shi da Hausar Yauri ya shiga.

Muka koma ciki. Motar ta tsaya cik, ruwan kwano sai ɗan rawa yake a kan zobensa in iska ta yi wani yunƙuri. La'asar tana neman wucewa. Benci ya ba alƙibla baya kamar yadda na faɗa, na fara jawo kujerar naɗewa in juya masa ita. Baba ya yi alwala, ya tambayi matata ina yamma, ta nuna masa kusurwar hagu ta gaba. Ya tsaya a ɗan lungun da ke tsakanin murhu da kabad, ya jingina kwankwason hagu da kabad ɗin, ya miƙa mata sandar. Ya ɗaga hannun dama, na hagun ya biyo shi rabin hanya, ya yi kabbara a tsaye. Tun ranar da ya faɗi bai yi ba. Ruku'u da sujada a kujera ya yi su, amma kowace raka'a sai ya miƙe. Na bi shi a baya a ɗan wurin da ya rage, rabin hankalina yana kan salla, rabi yana kan ƙafafun ƙarfen nan huɗu, ina roƙon kada ɗaya ta motsa. Ba wadda ta motsa.

Bayan nan muka ci abinci a ciki, ƙofa a rufe. Naman da za a gasa a gawayi ya koma tukunya. Baba ya ci fiye da yadda ya saba, har ya ba matata labarin wata saniya da ta taɓa tsalle daga jirginsa a tsakiyar Kwara ta riga su isa gaɓa. Ya kushe tafkin, ya kushe motar, ya ce ƙasanta ya yi tsayi da yawa, wanda ya ƙera ta bai taɓa ganin iska ba. Ban taɓa jin daɗin a kushe mini kaya irin na ranar ba. Kafin magariba iskar ta fara laushi, muka ɗage ƙafafu, muka kwashe katakai, muka kamo hanya da sauran haske.

Ina tuƙi ina jira ko zai sake ce mini wani abu. Bai ce ba, kuma har ya koma Yauri bai ƙara ba. Mun shigo gari fitilu sun fara kamawa, sai na ji muryarsa daga benci.

"Ɗiyata, yaushe ne gashin na gaba?"

"Litinin, Kawu."

"To. Ki gaya wa wancan ya samo katakai masu faɗi, waɗanga sun yi ƙanana ga rairayi. Kuma ya cika wa motar ciki da ruwa kafin Asabar. Ban yarda ya fita da ita shi kaɗai ba tukuna, bai iya ba."

Matata ta juyo ta maimaita mini kalma bayan kalma, tana danne dariya, kamar ba a kunnena aka faɗa ba. Na ce ta gaya masa na ji.

Da muka hau gida, jakarsa tana nan bakin ƙofa inda ya bar ta da safe. Ya tsaya ya dube ta, ya sa ƙafar hagu, wadda ake wa gashin, ya tura ta ciki.